Ƙananan Jirage Masu Igiya: Tarihin Ƙira da Gasa

Jirgi mai igiya ƙaramin jirgin sama ne da ake ƙerawa da hannu, a sa masa inji na gaske mai shan mai, a ɗaura masa siraran igiyoyi biyu na ƙarfe ko na zare mai ƙwari. Mai tuƙi yana tsaye a tsakiyar fili, mariƙi a hannu, jirgin na kewaya shi, shi ma yana juyawa tare da shi. Babu rimot, babu rediyo. In ya ɗaga wuyan hannu jirgin ya yi sama, in ya sunkuyar jirgin ya yi ƙasa. Tun daga shekarun 1940 ake shirya gasa iri-iri a kan wannan dabara. Reshen da wannan maƙala ta fi tsayawa a kai shi ne na kwaikwayo, inda ake ɗaukar jirgin gaske a rage girmansa bisa ma'auni, a tashe shi da ɗan injin da za a iya ɓoyewa a tafin hannu.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Igiyoyin biyu suna shiga ta bakin fiffiken hagu, su tarar da wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa a cikin gangar jikin jirgin. Daga wannan ƙarfe wata siririyar sanda ta miƙe zuwa faifan wutsiya. Jan igiya ɗaya yana ɗaga faifan, jan ɗayar yana sauke shi. Galibi jirgin na kewayawa ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, kuma gudunsa ne ke jan igiyoyin su miƙe. Don kada su saki, akan sa ɗan dalma a bakin fiffiken dama, a ɗan karkata wutsiya da inji zuwa waje. Mai tuƙi yana jin jirgin a hannunsa kamar yadda mahayi ke jin bakin doki ta linzami: iska ta bugo ya sani, inji ya fara gajiya ya sani, tun kafin ido ya gani. Wannan shi ne abin da rimot bai taɓa iya bayarwa ba.

Asali

Ƙaramin jirgi ya girmi babba. A 1871 Bafaranshe Alphonse Pénaud ya tashi wani ɗan jirgi mai farfelar da robar da aka murɗa ke juyawa, a wani lambu a birnin Paris, ya yi tafiyar kimanin mita 40. A 1879 wani Bafaranshen, Victor Tatin, ya ƙera jirgi mai faɗin fiffike mita 1.9 da iskar da aka matse ke tuƙawa, ya ɗaure shi a jikin turke, ya kewaya har ya bar ƙasa. Amma ɗaure jirgi daban, sarrafa shi daban. Na Tatin kewayawa kawai yake yi, ba mai ce masa hau ko sauka.

Matsalar ta taso sosai a Amurka a farkon shekarun 1930, lokacin da wani matashi ɗan Philadelphia, Bill Brown, ya ƙera ƙaramin injin fetur mai kimanin cc 10. Abokinsa Maxwell Bassett ya ɗora shi a kan jirginsa, ya lashe gasar ƙasa ta 1933 a gaban masu jiragen roba. Daga nan kowa ya so inji. Sai dai jirgin da aka saka ya tafi shi kaɗai yana bukatar fili mai faɗin gaske, kuma sau da yawa iska ce ke ɗauke shi, aikin watanni da inji mai tsada su ɓace a bayan gonaki. Rediyo kuwa a lokacin nauyi gare shi, ga tsada, ga neman lasisi. Yaron birni da ba shi da mota ba shi da rabo a ciki.

Mutum uku ne aka fi ambata wajen warware wannan. Oba St. Clair, mutumin jihar Oregon, ya fara gwaji a 1936, kuma a 1937 ya tashi jirginsa Miss Shirley, wanda ya sa wa sunan 'yarsa, da igiyoyi huɗu masu sarrafa sassa daban-daban. Victor Stanzel na Schulenburg a Teksas ya fito da Tiger Shark a 1939, mai igiya ɗaya da ake ja da sanda. Na ukun, Jim Walker na birnin Portland, shi ne ya kai abin kasuwa. A 1940 kamfaninsa American Junior ya fitar da jirgin Fireball mai igiyoyi biyu da ƙarfe mai kusurwa uku, ya kira tsarin U-Control, ya kuma samu takardar haƙƙin mallakar ƙirƙira a 1942. Walker gwanin nuni ne. Yakan tashi jirage uku a lokaci guda, ɗaya a kowane hannu, na ukun a ɗaure a hular kwano. Shekaru da dama duk mai sayar da irin wannan tsari sai ya biya shi, har zuwa 1955 da aka yanke hukunci a ƙarar da ya kai wani maƙerin injina, Leroy Cox, kotu. Aka kawo shaidar aikin St. Clair, kotu ta ce an riga Walker, ta soke takardar. A gani na hukuncin bai rage wa Walker komai ba a tarihi. St. Clair ne ya fara, amma tsarin Walker mai sauƙi shi ne har yau ke cikin kusan kowane jirgi mai igiya.

Injin da ya sauko da farashi

Injinan farko irin na mota ne a ƙanƙance: fulogi, kwayil, kwandensa da batura, duk jirgin ne zai ɗauka. Nauyin nan ya hana a yi ƙanana. Aka samu mafita ta hanya biyu, kusan a lokaci guda.

A Turai an bi hanyar injin da ake kira dizal, ko da yake ba man dizal yake sha ba. Haɗin kananzir ne da sinadarin eta da mai, matsi kaɗai ke kunna shi, ba wuta ba batir. Dyno na Suwizalan ya fito a 1941, Mills mai cc 1.3 ya biyo baya a Ingila a 1946, kuma shi ya raini yaran Ingila da yawa a kan jirage irin su Phantom na kamfanin Keil Kraft. A Amurka kuwa Ray Arden ya fito da fulogi mai garwashi a 1947. A cikinsa akwai 'yar murɗaɗɗiyar waya mai filatinam. Ana haɗa ta da batir mai bolt 1.5 ta yi ja, inji ya tashi, a cire batirin, ita kuma ta ci gaba da ja saboda yadda tururin metanol ke aiki a jikin filatinam. Rana ɗaya aka sauke kwayil da batura daga jirgi. Cikin shekara biyu ƙananan injina suka fara fitowa, K&B Infant a 1948, OK Cub a 1949, aka buɗe musu aji na musamman mai suna ½A, na injin da bai wuce kimanin cc 0.8 ba.

Wanda ya mamaye wannan aji shi ne Leroy Cox ɗin nan, mai kamfani a Santa Ana ta Kalifoniya. Ya kafa shi a 1945, ya fara da bindigar wasa da ƙananan motoci, sannan a 1952 ya fitar da injin Space Bug mai lamba .049, wato cc 0.8. Babe Bee ya zo a 1956, jirgin koyo na roba PT-19 a 1960, wanda aka haɗa sassansa da zoben roba don in ya faɗi ya warwatse maimakon ya karye. An sayar da injinan Cox da miliyoyi, kuma har zuwa tsakiyar shekarun 1960 ma'aikatan kamfanin na tashin jirage kullum a wani da'irar waya a Disneyland. Don a gane ƙanƙantar abin, babur mai cc 125 da ya cika titunan Tamale ya ninka .049 fiye da sau 150. Duk da haka ɗan injin nan yana juya farfela fiye da sau 15,000 a minti ɗaya, ƙaninsa Tee Dee .010 kuwa yana kaiwa wajen 30,000.

Tayar da shi sana'a ce mai zaman kanta. Mutum ya durƙusa a bayan jirgi, ya cika tanki da sirinji har mai ya fito ta bututun iska. Ya buɗe allurar mai kamar zagaye uku, ya ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu ta kafar hayaƙi, ya maƙala batir a kan silinda, ya kasa kunne ya ji man na tafasa a kan wayar. Sai ya murɗa farfela baya a kan sifirin ya saki. In an dace inji ya kama da wata murya mai kauri, yana tofar da mai. A hankali ake rufe allura, muryar na sirancewa tana hawa, har ta tsaya cak a sama, sannan a ɗan buɗe kaɗan, domin injin da aka matse wa mai a ƙasa mutuwa yake yi a sama. Wani lokaci ya tashi da baya, iska na busowa gaba, dole a jefa tsumma a farfela a kashe shi a sake. Duk wannan ana yin sa da yatsu dab da farfela mai yanka, tanki kuwa na minti biyu ne zuwa uku. Mai tuƙi ya ruga tsakiya ya ɗauki mariƙi, ya gwada sama da ƙasa, ya ɗaga hannu, mataimaki ya saki.

Gasa

Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a Paris a 1905, ta shirya gasar duniya ta farko ta jirage masu igiya a Budapest a 1960. Ajin F2A na gudu ne, inji cc 2.5, igiya mita 17.69, zagaye 9 ya zama kilomita ɗaya, kuma gwanaye na kaiwa wajen kilomita 300 a awa, wato zagaye ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. F2B na alkafura ne da zana siffofi a sama, zuriyar jirgin Nobler na George Aldrich da injin Fox .35. F2C tsere ne na jirage uku a da'ira ɗaya, zagaye 100, da tanki mai cc 7 kacal, sai an sauka bakanike ya cafke ya zuba mai ya sake tayarwa. A F2D mutum biyu ne ke farautar ƙyallen takarda da ke ɗaure a wutsiyar juna. Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai sun ɗauki wasan a matsayin makarantar injiniyoyi, suka sa shi a gidajen matasa da kulob-kulob na gwamnati, shi ya sa har yau yawancin injinan gasa mafi kyau daga Yukren da Rasha suke fitowa.

Gasar kwaikwayo ta sha bamban da waɗannan duka, domin rabin makinta ana samun sa ne jirgi yana ajiye a kan tebur. Tushenta ya haɗa da yaƙin duniya na biyu. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 bisa ma'aunin 1 bisa 72, don koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Yaran da suka koyi auna zane da sassaƙa a wannan aiki su ne bayan yaƙi suka so ganin ƙananan jiragen yaƙinsu, irin su Mustang da Spitfire, suna tashi. Igiya ta ba su dama, saboda jirgin kwaikwayo nauyi gare shi, fiffikensa ƙarami ne, in aka sake shi shi kaɗai ba ya daidaita kansa, amma a kan igiya hannun mai shi na gyara masa. Walter Musciano ya zana wa kamfanin Scientific jerin ƙananan jirage na ajin ½A, gangar jikinsu guntun katako ne da aka rarake, masu arha, kuma har yau ana shirya gasar tunawa da su. FAI ta fara gasar duniya ta kwaikwayo a Cranfield ta Ingila a 1970, ajin masu igiya shi ne F4B, inda 'yan Folan da 'yan Sobiyet suka daɗe suna rinjaye.

Ɗan takara yana zuwa da jirginsa da kuma fayil. A ciki akwai zanen jirgin gaske ta fuska uku, sama da gefe da gaba, da hotuna, da hujjar launi. Ba a cewa "na yi Hurricane" kawai. Wane Hurricane, mai wace lamba, na wace runduna, a wace shekara? Alƙalai su gwada siffar fiffike da wutsiya da zanen, su duba fenti da tambari, su duba tsabtar aiki. A manyan ajujuwa dole mai tashi ya zama shi ne maƙerin. Sannan a ja igiyoyi da ma'auni a tabbatar ba za su tsinke ba, a fita fili. A nan ana duba tashi, da tafiya a miƙe, da sauka, da kuma ko jirgin na tafiya irin ta ubangidansa, domin jirgin dakon kaya da ke tsalle-tsalle ya faɗi ko da fentinsa ya yi kyau.

Ƙaramin inji yana tsananta kowace matsala. Kowane giram na fenti da ado ana biyan sa a sama. Yawancin injinan .049 ba su da totur, gudu ɗaya suke yi har mai ya ƙare, don haka sauka sai inji ya mutu, a lallaɓo jirgin ƙasa da sauran gudunsa. Igiyar takan kasance ƙafa 35, kusan mita 11, zagaye na ƙarewa cikin daƙiƙa uku ko huɗu, sabon shiga jiri ke fara kayar da shi. Don rage nauyi aka yarda da ajin da gangar jiki falle ɗaya ce ta katako, in an kalla ta gefe ta yi daidai da jirgin gaske. Wannan ya buɗe ƙofar jirage masu inji biyu da huɗu, kuma kulob ɗin Cholla Choppers na Tucson a Arizona ya yi suna da gasa ta musamman a kansu. A nan ake ganin gwaninta. Dole a tayar da inji na huɗu kafin na farko ya shanye mansa. Kuma da wanda za a fara akwai lissafi: in injin da ke ɓangaren mai tuƙi ya riga mutuwa, na waje zai karkato da hancin jirgin ciki, igiya ta saki, shi ke nan. In na waje ne ya fara mutuwa, hanci waje zai yi, igiya ta ƙara tauri. Shi ya sa ake fara tayar da na waje, mansa ya riga ƙarewa.

Ina ganin wannan reshe ya fi sauran amfani ga mai koyo. Masu gudu da tsere yanzu sayen jirgi da inji suke yi a shirye daga hannun ƙwararru kaɗan. Mai kwaikwayo kuwa dole ya karanta zane, ya yi lissafin ma'auni, ya san inda nauyin jirgi ya kamata ya zauna, ya kuma binciki tarihin abin da yake ƙerawa.

Daga ƙarshen shekarun 1960 rediyo ya yi sauƙi ya yi arha, jama'a suka koma can. Ƙarar injina ta sa aka kori masu igiya daga filayen makarantu da dama. Cox ya sayar da kamfaninsa a 1969, ya bi hannaye har ya isa ga kamfanin Estes a 1996, aka daina ƙira a 2009, sauran kayan suka koma hannun 'yan kasuwa da ke harhaɗawa suna sayarwa. Wasan ya ragu amma yana nan. Ana gasar duniya duk shekara biyu, kamfanin Brodak na Carmichaels a Pennsylvania na ci gaba da yin kayan haɗi, motar lantarki mai batir ta shigo, kuma a gasar kwaikwayo an yarda a sarrafa totur da tayoyi da rediyo, muddin hawa da sauka na hannun igiya.

Hannun Afirka ta Yamma

Mai karatu a Tamale ko Kano zai iya ɗauka cewa wannan duk labarin nesa ne, alhali kayan aikin ma akwai namu a ciki. Balsa, katakon da ake yin jiragen da shi, yawancinsa daga Ekwado yake zuwa, kuma dangin rimi ne da kuka. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka keɓe balsa don ƙera jiragen yaƙi irin su Mosquito, masu ƙananan jirage a Ingila sun koma ga katakon da ake kira wawa a Ghana, obeche a Najeriya. Ya fi balsa nauyi, ya kuma fi shi ƙwari, har yau ana lulluɓe fiffike da shi. Man da ke hana ɗan injin nan ƙonewa kuwa man zurma ne, kusan kashi 20 cikin ɗari na haɗin, domin yana narkewa cikin metanol kuma yana jure zafi. Shi ne ke barin danƙo a fiffike bayan kowane tashi, da ƙamshin da duk wanda ya taɓa tsayawa kusa ba ya mantawa.

Fili ma ba matsala ba ne. Da'irar igiya mai ƙafa 35 ba ta kai mita 25 a faɗi ba, rabin filin ƙwallon makaranta ya ishe ta. Abin da ba a wasa da shi shi ne wayar wutar lantarki, domin igiyar ƙarfe da ta taɓa ta ta kashe mutane a ƙasashe da dama. Ƙurar hunturu kuma maƙiyiyar fistin ce. Metanol da naitiro da ake haɗa man injin da su ne ke da wuyar samu, shi ya sa motar lantarki ta fi kusa da hannu. Jama'ar arewacin Ghana ma sun saba ganin ƙaramin jirgi mai fiffike da batir ke tuƙawa, tun da kamfanin Zipline, wanda ya fara aiki a ƙasar a 2019, ya buɗe tasha a Vobsi kusa da Walewale yana kai jini da magani asibitoci. Hannun da zai yi aikin kuwa akwai shi, daga masu gyaran babur da suka san muryar inji zuwa yaran da ke ƙera mota da jirgi da kara da gwangwani.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne jiragen da za a kwaikwaya, domin sararin wannan yanki na da nasa tarihi. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na mayaƙan saman Ingila suka sauka a Kano ƙarƙashin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira. Daga Satumba 1940 aka riƙa sauke jirage cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Ayarin farko Blenheim ɗaya ne da Hurricane shida, kuma kafin a gama fiye da jirage 5,000 sun bi hanyar. Filin jirgin Tamale ma a wannan yaƙin aka fara shi, a 1940, yau ga sansanin mayaƙan saman Ghana a wurin, kuma tun 2016 alhazan arewa daga nan suke tashi kai tsaye zuwa Saudiyya.

DH.9A na da faɗin fiffike mita 14. A ma'aunin 1 bisa 20 ya zama santimita 70, daidai ƙarfin inji .049, sai dai fiffike biyu da turaku da wayoyinsa na cin iska, aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa. Hurricane mai mita 12.2 zai fito santimita 61. Blenheim inji biyu gare shi, da duk lissafin da aka ambata. Ga mai farawa, Air Beetle ya fi dacewa, wato jirgin koyo da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don mayaƙan saman Najeriya, bisa ƙirar RV-6A. Faɗin fiffikensa mita 7 ne, a ma'aunin 1 bisa 12 ya ba da santimita 58. Fiffiken miƙaƙƙe ne mai faɗi ɗaya daga tushe zuwa baki, yankansa ba wuya, kuma tayarsa ta gaba tana hana shi kifewa da hanci in ya sauka a fili mai tsakuwa.